Shekarar da Kogin Gashuwa Ya Makara

Salamu alaikum, 'ya'yana masu bin wannan labari. Gaisuwar ta'aziyyar da kuka yi ta aikowa ta iso ni. Wasu an karanta mini, wasu na haɗa baƙaƙensu da kaina da ɗan karatun yaƙi da jahilcin da na yi. Allah ya ba ku lada. Na fita takaba, amma har yau in an kira magariba sai hannuna ya kai kan butarsa kafin in tuna.

A cikin saƙonninku akwai na wata yarinya da ya hana ni sukuni. Ta ce ta daɗe tana roƙon Allah abu ɗaya, ta yi azumi, ta yi sadaka, shiru, har ta fara jin kunyar ɗaga hannu. 'Yata, ni ba malama ba ce, ba ni da wa'azin da zan yi miki. Labari kawai gare ni, kuma shi zan ba ki.

Ga waɗanda yau suka fara karantawa, sunana Zainabu. A Nguru aka haife ni. Babana Malam Rabe Bakano ne, layin dogo ya biyo ya zo Nguru tun ana sabon kawo jirgin ƙasa, yana sayen fata da ƙaro yana kai wa kanti. Uwata Yakaka 'yar Mangawan Karasuwa ce. Na tashi ina jin kukan jirgi da gurnanin raƙuman kanwa, na san farashin atamfa, na san kitso da lalle, amma ban taɓa riƙe fartanya ba. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Shi kuwa sunansa Madu. Kun ga na faɗa. Tun da aka kai ni ɗakinsa bakina bai sake kiran sunan nan ba sai yau, kuma ba zan maimaita ba. A gidanmu Mai Banda ake ce masa, don daga Gashuwa yake kawo bandar kifi tashar jirgi a kan jakuna. Dogo ne, baƙi, Hausarsa a karkace, ba ya iya kallon mutum ido cikin ido. Samarin Nguru suna kawo wa 'yan mata turare da sabulun kanti, shi tarwaɗa yake kawo mini a naɗe cikin kaba. Ƙawata Falmata ta sa ni gaba da tsiya, wai saurayina ba ya buƙatar sallama, hanci ne ke fara amsa masa. Ni kuwa in na ji ƙaurin nan a zaure, sai in rasa inda na ajiye kallabina.

Shekarar da abin ya faru, ba a daɗe da dawowar sojoji daga yaƙin Boma ba. Yayan Baba ya rasu a Kano, aka aiko masa ya koma ya riƙe gida. Ya ce in kaka ta yi, ya gama harkar fata, duk za mu hau jirgi. A nan ne mutanen Mai Banda suka zo neman aure.

Baba bai kore su ba. Da suka tafi ya kira ni zaure, abin da bai saba ba. Na durƙusa daga bakin ƙofa.

"Zainabu, ba zan ba ki wanda ba kya so ba," ya ce. "Amma ba zan tafi Kano in bar ki a gidan da babu hatsi ba."

Ban ga laifinsa ba ko a lokacin. Yana yaro aka yi wata yunwa a ƙasar Kano, su biyar uwarsu ta haifa, su biyu suka fita. Mutum ne da ko ƙwayar gero ya gani a ƙasa sai ya sunkuya ya ɗauka. A wurinsa kifi ba dukiya ba ne, yau akwai gobe babu. Saboda haka ya gindaya wa Mai Banda magana ɗaya a gaban dattawa: ya nuna masa abincin shekara da ya noma da hannunsa kafin ranar tafiya. In ya gani da idonsa, ya ba shi ni. In bai gani ba, in bi iyayena, kowa ya yi haƙuri.

Mai Banda ya ce ya ji. Yana da gonar shinkafa a fadama, gadon ubansa.

Ku yanzu kuna danna waya saƙo ya tafi. Mu wayarmu wani Bafillace ne, Bappayo, mai dako da takarkari tsakanin Gashuwa da Nguru. Ya biyo ta Jajimaji ya kwana, ya iso ya sauke kaya, ya sha fura, sai ya ga dama sannan ya leƙo gidanmu. Kuma ba ya ƙara ko kalma a kan abin da aka ba shi. Zuwan farko ya ce, "An yafa iri." Zuwa na biyu ya ce, "Ta tsira." Na yi rawa a ɗaki har Yakaka ta jefe ni da mafici. Zuwa na uku ya daɗe yana kaɗa wa takarkarinsa ƙuda kafin ya ce, "Rana ta cinye ta."

Ruwan sama ne ya ɗauke bayan tsiro, gonar kuwa tana ɗan tudu. Bappayo ya ce an sake yafawa, da shinkafar da uwar Mai Banda ta ɓoye a tulu don ci. Bayan wannan babu sauran iri a gidan.

Washegari na ga Baba ya shigo da sabuwar igiyar ɗaurin kaya, ya rataye a zaure.

Yakaka ce ta yi mini dabara. Ƙanwarta, Inna Meram, tana aure a Gashuwa, cikinta ya tsufa. Ta ce wa Baba ya kamata a tura ni in kama mata aiki. Baba ya dube ta ya ce, "Haihuwar Meram za ta je jira ko ta shinkafa?" Amma ya bari. Yakaka ta yi mini kitson Barebari, ta sa mini zane saƙi biyu da atamfa ɗaya a akwati, ta ƙulle mini turaren wuta a tsumma, aka ɗora ni a ayarin Bappayo.

Da na isa Gashuwa sai na tarar ba wanda ke wata magana sai ta ruwa. A rijiya ruwa, a kasuwa ruwa, a masallaci ruwa. Na je bakin kogi na ga rairayi fari da 'yan kududdufai, kwalekwale a kife kamar an yi fushi da su. Inna Meram ta ce ai kogi ne ya makara. A wancan zamani, kafin a yi madatsun nan, kowace shekara ruwa yakan taho daga yamma ya cika kogin, ya malala cikin fadamu, shinkafa ta sha ta yi. Bana lokacin ya yi, ya wuce, babu labari.

To ni da hankalina na 'yar tasha, me zan fahimta? Shinkafa na son ruwa, ruwa ya makara, aurena na cikin shinkafar. Sai na ɗaura ɗamara. Na yi azumin Litinin. Na jiƙa gero na toya waina cike da fanteka, na bi gidajen tsofaffi ina rabawa, ina cewa a taya ni roƙon Allah ya kawo ruwan nan kafin Juma'a, ya zo da ƙarfinsa, ya cika ko'ina. Kowa ya ce amin da farin ciki, har ana sa mini albarka.

Da yamma Mai Banda ya zo gaishe da Inna. Na sa atamfata, na yi turare, na kai masa ruwa zaure. Ya rame. Don in faranta masa sai na ba shi labarin abin da na yi, ina jiran ya yaba.

Ya ajiye ƙwaryar bai sha ba.

"Juma'ar nan mai zuwa?"

"Ita."

"Wa da wa kika ba wainar?"

Na lissafa masa, na ce har gidan Liman na kai, shi ma ya ɗaga hannu.

Ya dafe kai. "Zainabu, Limamin nan fa addu'arsa ba ta faɗuwa ƙasa."

Na ce to ba shi ake so ba? Ya buɗe baki zai yi bayani, Hausar ta ƙi zuwa, ya yi wata magana da Badanci, yarensu, ya sa takalmansa ya fita. Na koma ciki ina kuka, ina ce wa Inna ashe mutumin nan ba ya son auren. Inna Meram ta riƙe cikinta tana dariya har na ji tsoron kada ta haihu a wurin.

Da hantsi sai ga uwarsa, Ya Gaji. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, bakinta ja da goro, ƙafafunta duk faso. Ban taɓa ganinta ba sai ran nan. Na rasa inda zan sa kaina don kunya. Ba ta tsaya dogon gaisuwa ba, ta ce in cire atamfar nan in ɗaura tsohon zane in biyo ta.

Muka yi ta tafiya cikin fadama har muka kai gonarsa. Ta tsuguna, ta kama hannuna ta dafa shi a ƙasa kusa da tsiron. Shinkafar ba ta fi tsawon tafin hannuna ba, siririya kamar gashin jariri.

"Kin ga wannan? Shuka ta biyu ce, jiya-jiya ta fito. Ruwan da kike kira, in ya zo Juma'a da ƙarfin da kika roƙa, zai hau kanta ya rufe. Shinkafa tana son ruwa a ƙugu, ba a ka ba. In ya sha kanta, kwana kaɗan ta ruɓe."

Wato da azumina da wainata, abin da zai kai ni Kano nake roƙo.

Na ce, "To Ya Gaji, bari in koma in ce su roƙa ya daɗe bai zo ba."

Ta miƙe, ta juya ni ta nuna mini gangare. Can ƙasa gonaki ne shuka ta farko, waɗanda damshin kwari ya raya, shinkafa har gwiwa, amma bakin ganyen ya fara ja. Ta ce waccan gonar ta Modu ce, maƙwabcinsu, gidansa cike da yara, kuma in ruwa ya ƙara daɗewa tasa ce za ta ƙone. Ta ce mutanen da suka ce mini amin jiya ba wauta suka yi ba, gonakinsu ke can. Kuma ko ta ɗanta, in jinkirin ya yi yawa ruwan sama ya ɗauke, rana za ta cinye ta kamar ta farko.

"Ke kina da wayon da za ki raba musu?" ta tambaye ni.

Na ce ba ni da shi. Na ce to me zan roƙa?

Ta tofar da goro. "Tun ina yarinya nake bakin kogin nan. Bai taɓa ƙin zuwa ba, bai kuma taɓa zuwa ranar da na sa masa ba. Wanda ya halicci baki ya yi alkawarin abin da za a sa a ciki, kuma ba ya saɓawa. Rana ce kawai bai gaya wa kowa ba. In kin ɗaga hannu ki ce, ya Allah, kai ka san tsawon shinkafar kowa. Ki tsaya a nan."

'Yata mai saƙo, kada ki ɗauka daga ran nan na zama waliyyiya. Addu'ar nan ta fi azumi wuya. Azumi kana jin kana yin wani abu. Wannan kuwa ka faɗa ne ka sauke hannu ka koma wanke-wanke.

Juma'a ta zo. Tun safe nake leƙen hanyar kogi, ina tsoron kada addu'ar Liman ta ci. Aka sauko daga masallaci, kogi na nan fari fat. A rayuwata ran nan na fara gode wa Allah don bai ba ni abin da na roƙa ba.

Inna Meram ta haihu, namiji, aka yi suna. Ana ɗan samun yayyafi jefi-jefi, shinkafar na ɗagowa. Sai kuma sama ta bushe. Na bi Ya Gaji gona na ga ganye ya fara naɗewa da rana. Gonar Modu ta yi ja sosai, matarsa ta daina gaisawa da mutane da fara'a. Bappayo ya zo da saƙon Baba, shi ma gajere: an yi cinikin gidanmu na Nguru, in fara shiri.

Ran nan na kasa. Na tafi gidan Ya Gaji ba kunya, na zauna ina kuka, na ce ni dai na ga alama Kano zan tafi. Na tarar da ita tana yaɓe murhun banda da sabon yumɓu. Ɗanta yana gefe yana ɗinke komar kamun kifi, ya liƙe manyan gorunan da suke hawa su kama kifi, ya jera su a inuwa. Ko ɗigon ruwa babu a kogi, su kuwa suna shirin kifi. Na ce Ya Gaji, wane kifi kuma? Ba ta ɗago ba ta ce wanda aka yi wa alkawarin baƙo shara yake yi, ba ya zama bakin hanya yana kuka. Ta tura mini kwatanniyar yumɓun da ƙafa. Na share hawaye na sa hannu. Lallen da na ƙunsa na suna duk ya tafi a murhun nan.

Wata safiya ina tankaɗe sai na ji guɗa daga bakin kogi. Na yar da rariya na fita ba mayafi. Na zaci zan ga ruwa yana tafe yana ruri. Ina! Wani ɗan siririn ruwa ne yake rarrafe a kan rairayi, yana ture kumfa da karmami a gabansa, a hankali kamar tsohon da ya dawo daga tafiya mai nisa. Mutane na binsa a gefe da ƙafa, har suna wuce shi.

Haka ya yi ta ƙaruwa, ba gaggawa. Da ya cika kogi ya malala, kwari ya fara shiga, gonar Modu da na maƙwabtansa, waɗanda suka fi matsuwa. Cikin 'yan kwanaki jan nan ya koma kore. Gonar Mai Banda da ke tudu ba ta samu ba sai daga baya, damshi dai ya riga ya ratso ta ƙasa ya riƙe ta. Ranar da ruwan ya taɓa ta, shinkafar ta wuce gwiwata. Yana hawa kaɗan, tana miƙa wuya kaɗan. A ƙugu ya tsaya mata.

Dattawa suka ce da ya zo lokacin da ya saba, da shuka ta biyu ko ɗaya ba ta tsira ba. Da kuma ya ƙara mako, da ta kwari ta tafi. Ni ban san lissafin ba. Na dai san wanda ya yi shi ya san tsawon shinkafar kowa.

Da kaka ta matso Baba ya zo da kansa ɗaukata, don ya ce alkawari ya yi zai gani da ido. Gonar kuwa ba ta shiguwa sai da kwalekwale. Babana da bai taɓa shiga ruwan da ya wuce idon sawu ba! Ina laɓe bayan wata giginya ina kallo. Ya tattare babbar rigarsa ya cusa tsakanin cinyoyi, ya riƙe bakin jirgin hannu bibbiyu, bakinsa na motsi, duk addu'ar da ya sani sai da ya karanta. Mai Banda na tsaye a baya yana tura gora. Suka shige cikin shinkafa har na daina ganin komai sai hular Baba.

Abin da ya faru a ciki, Mai Banda ne ya ba ni labari bayan aure, kuma ya maimaita mini shi ya fi a ƙirga. Ya ce Baba ya saki hannu ɗaya da ƙyar, ya kamo zangarniya, ya murje a tafinsa, ya hure, ya tauna. Ya dubi gabas shinkafa, ya dubi yamma shinkafa. Can ya tambaya, wai duk wannan ruwa daga ina, alhali an daɗe ba a yi ruwan sama a nan ba?

"Na wajenku ne, Baba. Wanda aka yi a ƙasar Kano da damina. Ta Haɗeja yake biyowa, sai yanzu ya iso."

Ya ce sai ya ga Baba ya tsoma hannu a ruwan, ya shafa a fuska.

"Ruwan garinmu ya yi wannan tafiya ya zo ya same ka," in ji Baba. "To 'yar garinmu ma ta zauna. Juya da ni, kaina na juyawa."

Igiyar nan da ya rataye a zaure, da ita aka ɗaure kayan ɗakina.

Shekara sittin da wani abu muka yi. Mun ga shekarun da kogi ya cika, mun ga waɗanda ya ƙi, mun binne 'ya'ya, mun aurar da jikoki, ba mu taɓa kwana da yunwar da Baba ya ji mini tsoro ba. Alhamdu lillahi.

Zan gaya muku gaskiya. Cikin takabar nan na koma halina na 'yar tasha. Kullum in na idar da salla sai in ce ya Allah ka ɗauke ni in bi shi, kada ka kai ni wata damina. Na sake sa wa Allah Juma'a ke nan ban sani ba. Saƙonki ne, 'yata, ya tuna mini da hannun Ya Gaji a kan nawa a cikin gonar nan. Ki ci gaba da roƙo, kada ki ji kunyar ɗaga hannu, ki kuma yaɓe murhunki. Rana kawai za ki bar wa Allah.

Ni ma na daina sa rana. An yi mana alkawarin haɗuwa, na kuma yarda. In an bar ni a nan, wataƙila tawa shinkafar ce ba ta kai ba tukuna. Butarsa na wanke ta na cika, da ita nake alwala yanzu.